Cibiyar Ciyaman

Ranar Talata, goma sha biyar ga watan Afrilu na shekarar 2025, da ƙarfe goma da kwata na safe, Alhaji Ma'azu mai siminti, shugaban kwamitin kasuwar Tungar Kanya, ya miƙe a gaban 'yan kwamiti ya sanar da cewa talauci ya ƙare a garinmu. Ni ne magatakardan kwamitin, kuma tun zamanin da ake tsoma alƙalami cikin tawada aka hore mu da cewa duk abin da shugaba ya furta a zaman hukuma sai an rubuta shi, ko yana da kai ko ba shi da shi. Saboda haka na rubuta.

Tungar Kanya tana ƙasar Bagudo, dab da iyakar Benin, kusancin da ya sa idan ladanin Gidan Alfa da ke tsallake ya kira salla, mutanen unguwarmu ta yamma sukan tashi su yi alwala. Mu da su auratayya muke yi tun kafin a san akwai iyaka.

Abin da ya kawo sanarwar shi ne wani taron 'yan kasuwa da Alhaji ya halarta a Birnin Kebbi, inda wani masani ya yi bayanin yadda gwamnatoci ke janyo masu zuba jari daga ƙasashen waje ta hanyar ɗage musu haraji na wasu shekaru. Waɗanda suka raka shi sun shaida mini cewa bayan cin abincin rana, daidai lokacin da masanin ya shiga bayanin sharuɗɗa, barci ya ɗauke shi. Duk da haka ya dawo da jaka mai tambari, da katin shiga taro rataye a wuya, wanda bai sake cirewa ba ko a masallaci.

Shirin nasa ga shi. Duk baƙon da ya shigo da jari daga ƙasar waje, an yafe masa kuɗin rumfa da kuɗin shiga da kuɗin shara har shekara biyar, kuma za a ba shi rumfa a inuwar kanya, wurin da ya fi ko'ina sanyi a kasuwar. Ya ce Sinawa za su zo da injin casar shinkafa, Turkawa da kamfanin tumatirin gwangwani, kuma tuni ya duba fadamar da jiragensu za su riƙa sauka. Wa'adin shugabancinsa zai cika a ƙarshen watan gaba, ranar da wakilin ƙaramar hukuma zai zo daga Bagudo ya shaida sabon zaɓe. Ya yi alkawarin a wannan rana zai jera baƙin a gaban wakili, sahu bayan sahu, ya ga wanda zai iya buɗe baki ya nemi kujerarsa.

Malami wanzami, wanda ba ya yawan magana a zama, ya tambaya yadda za a gane baƙo, tunda a yankinmu ba kowa ke yawo da takardar haihuwa ba. Alhaji ya yi dariya ya ce ai wannan tuni ya warware shi.

Dole in koma baya kaɗan. A zaɓen da ya gabata, wanda ya fi ba shi tsoro shi ne taubashinsa, Lauwali mai albasa. Al'adarmu ce mace mai cikin fari ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a can, a binne cibiyar jariri a bayan ɗakin kakarsa. Mahaifiyar Lauwali 'yar Gidan Alfa ce, kuma shi ne ɗanta na fari. Da wannan Alhaji ya kafa hujja, ya sa aka shigar da doka cewa ba mai shugabantar kasuwa sai wanda cibiyarsa ke cikin ƙasar Najeriya. Shi kuwa, ko da yake tasa mahaifiyar, Inna Lami, ita ma daga Gidan Alfa aka auro ta, kuma shi ma ɗan fari ne, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa mahaifinsa namijin gaske ne da ya hana a kai matarsa tsallake, kuma cibiyarsa tana nan ƙarƙashin kanyar kasuwa. Mahaifin ya daɗe da rasuwa. Inna Lami kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta tsaya gyara masa tarihi.

"Wanda cibiyarsa ke waje, baƙo ne," in ji Alhaji. "Malam, rubuta."

Na ɗaga biro na dube shi, na ba shi lokacin da mai hankali zai janye magana. Bai janye ba.

Washegari aka fara shiri. An kori 'yan gari daga inuwar kanya aka mai da su bakin rana, aka share rumfunan aka yayyafa musu ruwa, awaki suka shiga suka kwanta. Mariyamu mai daddawa, gwauruwar da ta gaji rumfarta daga uwarta, ta ƙi tashi sai da aka ɗauke ta da tabarmarta. Ta tambayi Ciyaman ko Sinawan nasa da miya ba daddawa za su rayu. Ya ce da ita ci gaba yana buƙatar sadaukarwa. Ta ce to ya sadaukar da shagon simintinsa mana, ya ce siminti ba ya son motsi.

Ya kuma sa aka gina ƙofar maraba a mashigar kasuwa, da bulo daga shagonsa, ya auna tsayinta da tsayin motar wani Bature da ya taɓa gani. Motar farko da ta zo wucewa ita ce babbar motar albasar Lauwali, ta tafi da saman ƙofar har da rabin kalmar maraba.

Ranar Alhamis, ranar kasuwa, Alhaji ya sa babbar riga mai aska takwas, ya kafa kujera a gindin abin da ya rage na ƙofar, yana duban hanya. Hantsi ya yi, ba Basine ba Baturke. Can sai ga mutum ya ɓullo ta hanyar Gidan Alfa, da hular Faransi a karkace, da dogon burodin tsallake a hammata kamar kulki. Alhaji ya miƙe yana gyara kati. Da mutumin ya matso, sai ga Lauwali.

"Bonjur, Ciyaman. Na ji ana neman baƙi masu jari, shi na taho."

"Lauwali, ba ni da lokacin wasan taubasantaka."

"Wane wasa? Kai da bakinka, gaban jama'a, ka ce cibiyata tsallake an ka binne ta. Ga albasata buhu-buhu cikin mota. In ni baƙo na, a nuna min inuwa. In ko ɗan ƙasa na, Malam shi rubuta sunana cikin masu neman kujera."

Har mai tallan kunu ta sauke tulunta don ta ji amsa. Alhaji ya dubi kanya, ya dubi kujerarsa, ya dube ni. Ni dai biro na riƙe. Daga bisani ya buɗe hannuwa ya rungumi Lauwali, ya juya ga jama'a ya ce su shaida, ga mai zuba jari na farko daga Jamhuriyar Benin. Aka kori akuya aka ba shi rumfa mafi sanyi.

Kafin kasuwa ta gaba, kowane ɗan fari a Tungar Kanya ya tuna inda aka haife shi. Mutanen da muka yi shekaru muna sallar asuba sahu ɗaya da su suka wayi gari baƙi. Kowa ya zo da shaidarsa, wani kaka, wani gwaggo, wani tsohuwar ungozomar Gidan Alfa mai suna Ni'ima, wadda aka riƙa ɗaukowa a babur har ta roƙi a bar ta ta kwana a garin don ta huta da zirga-zirga. Ba wanda ya yi ƙarya, abin da ya fi ba Alhaji wahala ke nan. Ni'ima ta san bayan ɗakin da aka binne kowace cibiya, da itacen da ke kusa.

Alhaji bai karaya ba. Ya ce a Birnin Kebbi an gargaɗe su cewa farkon shigowar jari yakan zo da hayaniya. Ya sa na rubuta wa Bagudo cewa baƙi suna ta kwararowa fiye da yadda aka zata, kuma inuwar kanya ta yi musu kaɗan. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa na yarda na sa hannu.

Sai ƙanne suka ga ba za a bar su a rana ba. Kowa ya mai da rumfarsa da sunan yayansa. Waɗanda yayyensu suka rasu suka waiwayi matansu na tsallake. Na ga magidancin da bai taɓa bari matarsa ta san farashin gishirin da yake sayarwa ba, ya tsaya a gabana yana rantsuwa cewa dukiyar duk tata ce, shi ɗan aike ne kawai. Matar ta aiko daga gida cewa ta ji, kuma ta karɓa, a kawo mata cinikin da yamma.

Bayansu Bunyaminu Bafulatani ya koro shanunsa kara ya ƙi biyan kuɗin shiga. Alhaji ya ce da shi kowa ya san a nan gida, a rugar Lafagu, aka haife shi. Bunyaminu ya amsa cewa haka ne, amma shanun nan a makiyayar Benin aka haife su lokacin rani, ɗaya bayan ɗaya, a gaban idonsa.

"Saniya ba ta zuba jari," in ji Alhaji.

"Ita ce jarin, Ciyaman. Ni rakiya na yo mata."

Alhaji ya buɗe baki, sai wani daga cikin taro ya tuna masa cewa shi da kansa ya ce jari ake nema, ba fuska ba. Shanu suka shige ta ƙofar maraba, wani bijimi ya ƙarasa rushe ɓangaren hagu.

Asusun kasuwa ya bushe. Masu shara suka ajiye tsintsiya, mai gadi ya koma noman rani, kwanon rumfunan tsakiya da aka yi niyyar ɗaurewa kafin damina ya bi iskar hadarin farko, aka tsince shi a gonar wani mutumin Zagga. Da na gabatar da halin da ake ciki a zama, Alhaji ya ce maganin mai sauƙi ne, a ninka wa 'yan ƙasa haraji don a cike giɓin. Aka ninka. Waɗanda suka rage suna biya suka bazama neman dangi a tsallake, aka sake samun giɓi, ya sake ninkawa. Malami wanzami ya ba da shawara a soke dokar cibiya gaba ɗaya kowa ya huta. Lauwali, wanda ke zaune a inuwa yana fifita da hular Faransi, ya ce shi ma ya goyi baya, don ya daɗe yana sha'awar kujerar nan. Alhaji ya ce doka ba rigar sawa ba ce da za a tuɓe don an ji zafi.

Mariyamu ce abin ya fi ci. Uwarta 'yar gari, mijinta marigayi ɗan gari, ita ce auta kuma yayyenta sun rasu. Ta bincika danginta kaf ba ta samu ko cibiya ɗaya a waje ba. Kowace Alhamis takan biya, ta tsaya a ƙofar shagon siminti ta yi wa Ciyaman bayanin abin da take fata ga jiragen Turkawa. Shi kuwa yakan ɗaga rasidinsa sama ya ce ta yi koyi da shi, ga shi shugaba guda amma yana biya ninki biyu ba ƙorafi, domin ɗan ƙasa na gari da haka ake gane shi.

Da ranar zaɓe ta matso, ya lura cewa duk baƙin nasa fuskokin da wakili ya sani ne, wasu ma sun yi makaranta tare. Yana buƙatar baƙo ɗaya na ainihi, wanda bai taɓa kasa kaya a kasuwarmu ba. Ya kira Shamsu ɗan kabu-kabu ya ce ya haye tsallake ya samo masa mai jarin da ya fi kowa nauyi, ya yi masa bayanin garaɓasar, ya ɗauko shi ranar taro ko nawa ne kuɗin mai. Bai tambayi ko wane ne ba, ya ce yana son shi ma ya sha mamaki tare da jama'a.

Ranar ta zo. Aka kafa rumfar tanti, aka ɗauko lasifika daga masallaci, wakili ya iso daga Bagudo aka zaunar da shi a kujera mai hannu. Baƙi suka jeru cikin inuwa, kowa da dogon burodinsa, don Lauwali ya sa an yo odarsa. Wakili ya dube su ya gaisa da mutum huɗu da sunayensu, ya tambayi ɗaya lafiyar babansa, sa'an nan ya kau da kai kamar ma'aikacin da ya ga abin da ba ya son rubutawa.

Ana haka sai ga Shamsu, da wata dattijuwa a bayan babur, da motar man kaɗe da busasshen kifi tana biye. Hajiya Halima Sa'adiya ce, babbar dillaliyar Gidan Alfa, ƙanwar Inna Lami uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ciwon gwiwa ya hana ta zuwa garinmu shekaru masu yawa. Alhaji ya ɗan yi turus, amma da ya ga girman motar sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya kai ta kujerar da ke kusa da wakili, ya karɓi lasifika.

Ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce abin da manyan ƙasashe suka kasa cikin shekaru, Tungar Kanya ta yi shi kafin a yi shuka. Mariyamu ta ɗago murya daga bakin rana ta ce a tambaye shi wa ke biyan kuɗin wannan ci gaban. Alhaji ya zaro rasidinsa ya ɗaga, ya ce ga amsa, shi da kansa yana biya, ninki kan ninki, alhali baƙi ba sa biyan ko sisi, don kuwa duk wanda cibiyarsa ke tsallake an yafe masa.

Hajiya ta dafa sandarta ta miƙe. Ranta a ɓace yake, kuma ba da shi take fushi ba.

"Wa ke karɓar kuɗin ɗana? A maido mai abinai. Yaron ga ɗakin uwarmu an ka haife shi, ni na riƙa fitila. Cibiyatai tana nan gindin lalle, bayan ɗaki, har yau ban bari an gina wurin ba. Ku yafe ma kowa, ku bar marayan Allah shina biya?"

Lasifikar tana hannun Alhaji, kusa da bakinta. Har masu sayar da kaji a ƙarshen kasuwa sun ji.

Ya yi dariyar da ba ta fito ba, ya ce Hajiya ta tsufa, ta haɗa shi da wani. Ta ce ta haɗa shi da wa, shi da ya zo duniya da ƙafa, ya wahalar da yayarta kwana biyu. Ni'ima ungozoma, wadda ke zaune cikin mata, ta ce ƙwarai kuwa, ita ta juya shi, kuma da an tambaye ta da tuni ta faɗa, amma shi kaɗai ne ɗan farin da bai aiko a ɗauko ta ba.

Alhaji ya ce bai yarda ba sai an ji daga bakin mahaifiyarsa. Wakili ya tura Malami wanzami da Mariyamu, jama'a suka zauna jira, ba mai saye ba mai sayarwa. Da suka dawo, Malami ya ba da rahoto cewa sun tarar da Inna Lami tana tsince wake. Da suka ambaci sunan Ciyaman ta juya musu baya ta ja mayafi, ta ce ita ba ta san wanda suke nufi ba, in labarin sauran 'ya'yanta suke so ta ba su. Da suka matsa, ta ce ita ba ta shiga zancen wancan mutumin, amma lallen da ke bayan ɗakin uwarta ba a banza ya yi kyau ba.

Wakili ya nemi in karanta dokar shugabanci, na miƙe na karanta ta kamar yadda aka shifta mini ita, ban ƙara ba ban rage ba. Alhaji ya yi wuf ya ce a matsayinsa na shugaba ya soke dokar cibiya nan take. Lauwali ya ce cikin ladabi, baƙo ba ya soke dokar ƙasar da ta karɓe shi. Ya taso daga inuwa, ya cire hular Faransi ya ɗora a kan hular Alhaji, ya sa masa burodi a hammata.

"Bonjur, taubashi. Matso ciki, mun rage maka wuri kusa ga shanu."

Da hayaniya ta lafa, wakili ya tambaya su wane ne suka cancanci tsayawa. Aka duba masu rumfa da sunansu waɗanda cibiyarsu ke gida, daga Malami wanzami sai Mariyamu. Malami ya ce shi aska ta ishe shi. Mariyamu ta naɗe tabarmarta, ta ratsa tsakiyar baƙi, ta shimfiɗa ta a gindin kanya inda uwarta ta zauna, ta ce kafin ta duba wace doka za ta fara sokewa, tana son in ƙirga mata kasuwar, ta san su wa take mulki. Alhaji ya matso ya tambaye ni a hankali ko yafewar shekara biyar ɗin ta shafi siminti. Na ce masa wannan tambaya ce ta sabuwar shugaba.

Na bi rumfa-rumfa na ƙirga, na maimaita don gudun kuskure, na rubuta kamar haka.

'Yan ƙasa masu biyan haraji, biyu. Masu zuba jari daga ƙasashen waje, ɗari da arba'in da bakwai, har da tsohon shugaba, ban da shanu. Sinawa da Turkawa, babu.